Hayaniya da Ranar Jarrabawa: Magana Daga Unguwar Briketeri

Gaisuwa ga makiyaya na ruga da na mashekari, daga tsaunukan Adamawa har bakin tafkin Chadi. Gaisuwa ga 'yan kasuwar kan iyaka, na Gamboru da Kusuri, na Banki da Mubi, na Garwa-Bulai, har waɗanda ke can kudu a Kiyosi. Direbobi da yaran mota, Allah ya kiyaye hanya.

Maganarmu ta yau a kan hayaniya ce, da irin ɓarnar da take yi wa mai shirin jarrabawa da mai rubuta ta. Na san wani zai ce, to mu da ke bin shanu, ko muke tsaye gaban kwastan tun safe, ina ruwanmu da wannan? Da ruwanku, Alhaji. Da yawanku kun sayar da bijimi, ko kun cire wani abu daga jari, kun tura yaro ko yarinya karatu Yawunde. Kuma idan ɗan Arewa ya sauka Yawunde, ina masaukinsa? Briketeri, gidan kawu ko gidan gwaggo ko ɗakin wani ɗan gari. To wannan bijimin da ka sayar, a cikin awa uku ko huɗu na ranar jarrabawa ake sanin ko ya yi riba ko ya tafi a banza. Shi ya sa na ce mu tsaya mu duba abin da kyau.

Unguwar da ba ta barci

Wanda bai taɓa zuwa ba, bari in kwatanta masa. Briketeri tana cikin gunduma ta biyu ta birnin Yawunde, kusa da Tsinga da kasuwar Mokolo, ga kuma babban zauren wasanni na Warda da aka buɗe a 2009 a gefenta. Asalin sunan wurin Ekudu. Sunan Briketeri kuwa ya samo asali ne daga wurin gasa tubali da aka yi a nan tun zamanin Jamusawa, yau kuma matasa sun taƙaita shi, suna cewa La Brik. Nan ce unguwar Hausawa ta birnin: ga babban masallaci, ga teloli layi-layi, ga masu atamfa da shadda, ga masu tsire da kilishi waɗanda sunansu ya kai ko'ina cikin Kamaru. Bahaushe da Bafulatani da Babarbare da Ba'arabe Shuwa, da mutanen Nijar da Najeriya da Chadi da Mali, duk za ka same su.

Unguwa ce mai albarka, mai riƙe baƙo. Amma ita wannan albarkar da ƙara take tafe. Tun da asuba 'yan bensikin, wato 'yan acaɓa, sun fara hon. Keken ɗinki na zuga, injin markaɗe na zuga, mai walda na dukan ƙarfe. Mai sayar da waƙoƙi ya kafa lasifika bakin shago, na kusa da shi ya ƙure tasa don kada a fi shi. In an ɗauke wuta, sai janaretoci su karɓi aiki. Da dare ga gidan kallon ƙwallo, ga biki an toshe layi an kafa kiɗa har ƙarfe biyu. Gidajen kuma a manne suke da juna, rufin kwano ne, in maƙwabci ya yi tari ka ji.

Ba zargin kowa nake ba. Kowace ƙara da na lissafa abincin wani ce. Tela ba zai kashe keke don ɗan wani na karatu ba, mai markaɗe ma haka. Tambayar ita ce, a cikin wannan ƙarar wace ce dole, wace ce kuma sakaci kawai?

Ku ƙara da wannan: lokacin jarrabawa a Kamaru, wato daga watan Mayu zuwa Yuli, ya haɗu da ruwan sama a Yawunde, kuma kun san yadda ruwa ke yi a kan kwano. Sannan a 2023 da 2024 da 2025 babbar salla cikin watan Yuni ta faɗo. Ma'ana, daidai lokacin da ku makiyaya kuke sauko da raguna da shanu, kasuwar Etudi ta cika, teloli na kwana kan keke saboda ɗinkin salla, gida ya cika da baƙi daga Arewa, daidai lokacin ne yaron gidan ke neman wurin da zai buɗe littafi.

Su wa ke rubutawa?

Akwai ƙanana masu neman takardar gama firamare da ta shiga sakandare. Akwai masu birbe. Akwai masu probatuwar, wadda in ba ka ci ta ba, ba ka shiga ajin ƙarshe. Akwai masu bak, wadda ofishin bakaloriya na Kamaru ke shiryawa, da masu GCE na ɓangaren Ingilishi, wanda hukumarsa ke Buya. Duk waɗannan sau ɗaya ake yin su a shekara. Ka faɗi, sai baɗi, sai sabon kuɗin makaranta, sai wani bijimin.

Bayan su akwai manya, masu neman shiga makarantun sana'a ta hanyar gasa, abin da ake kira kwankur. A nan ba cin jarrabawa kaɗai ake nema ba, sai ka fi wasu, domin kujerun a ƙidaye suke. Maki ɗaya na iya raba mutum da kujerarsa. A cikin waɗannan akwai wata sana'a da nake so mu ɗan tsaya a kanta, domin ta shafi aljihunku kai tsaye, ko da yake da yawanmu ba mu taɓa jin sunanta ba.

Mai lissafin haɗari

Duk direban da ke tsallaka iyaka ya san takardar inshora, ko asurans kamar yadda ake cewa a Kamaru da Nijar da Chadi. In za ka yi yamma, cikin ƙasashen ECOWAS, akwai katin nan mai ruwan ƙasa, wanda aka kafa tsarinsa a Kwatano a 1982. In cikin ƙasashen CEMAC ne, akwai kat roz. To ka taɓa tambayar kanka, wa ya zauna ya ce ga abin da motarka za ta biya a shekara? Me ya sa tirela ba ta biyan kuɗi ɗaya da ƙaramar mota?

Akwai mutumin da aikinsa ke nan. Masu Faransanci na ce masa aktuwer, masu Ingilishi na cewa akcuwari, mu kuma mu ce mai lissafin haɗari. Shi ne ke duba abin da ya faru shekarun baya, mota nawa ta yi hatsari, shago nawa ya ƙone, mutum nawa ya rasu a wane shekaru, sai ya fitar da abin da kowa zai zuba a asusu don in masifa ta faɗa wa ɗaya a iya biyansa.

Bari in ba ku misali da abin da kuka fi ni sani, misali ne kawai. A ce makiyaya sun haɗa shanu 1,000 a asusu ɗaya. A ce bisa abin da aka saba gani, 30 ne ke mutuwa a shekara, kuma kowace saniya ta kai sefa 300,000. Asarar shekara ta zama sefa miliyan 9. A raba wa shanu dubu, kowace saniya za a zuba mata sefa 9,000. To a ce mai lissafin ya yi kuskuren sifili ɗaya. In ya rubuta 3 maimakon 30, zai ce a zuba 900, kafin rabin shekara asusun ya ƙare, mai asara ya zo a ce masa babu. In kuma ya rubuta 300, zai ce a zuba 90,000, wa zai shiga? Kun ga aikin sifili ɗaya.

Wannan ilmi ya daɗe. A 1693 wani masani ɗan Ingila, Edmond Halley, ya ɗauki littattafan haihuwa da mutuwa na garin Breslau ya fitar da jadawalin da ke nuna yadda mutane ke raguwa shekara bayan shekara. A 1762 aka kafa kamfanin Equitable a Landan, wanda ya ɗora kuɗin da ake biya bisa irin wannan lissafi. A 1848 masu sana'ar suka kafa ƙungiyarsu a Ingila.

Kada ku ce abin Turai ne kawai. A watan Janairun 2010 aka fara wani tsari a yankin Marsabit na arewacin Kenya, inda cibiyar binciken dabbobi ta ILRI ta haɗa kai da kamfanonin inshora. Tauraron ɗan Adam ne ke duba yawan ciyawa daga sama. In ciyawa ta ragu ƙasa da wani ma'auni, sai a biya makiyayin da ya shiga, ba sai an zo an ƙirga mushe ba. A 2012 tsarin ya shiga yankin Borana na Habasha, daga baya aka yi irinsa bisa tsarin takaful ga Musulmin Wajir. Duk wannan sai da masu lissafin haɗari.

Yawunde kuma tana da babban matsayi a wannan harka. A nan ne aka sa hannu kan yarjejeniyar CIMA ranar 10 ga Yulin 1992, wadda ta haɗa dokar inshora ta ƙasashe 14, ciki har da Kamaru da Nijar da Chadi. Najeriya ba ta ciki, tata hukumar ita ce NAICOM. A Yawunde ne makarantar IIA take, mai horar da ma'aikatan inshora na waɗannan ƙasashe. A nan kuma ISSEA take, makarantar ƙididdiga ta ƙasashen CEMAC. Dukansu biyu da kwankur ake shiga. Masu bin tsarin Ingila ko Amurka kuwa, jarrabawa ce bayan jarrabawa, shekara da shekaru, takarda ɗaya takan ci awa uku ko fiye, kuma yawanci mutum na aiki da rana yana karatu da dare. A 2020, saboda korona, ƙungiyar Ingila ta mayar da jarrabawarta ta intanet, kowa ya rubuta daga inda yake. Ka yi tunanin wanda ɗakinsa ke bakin titi a unguwa irin Briketeri, da wanda ke zaune a gida mai lambu a wata ƙasa. Tambaya ɗaya, lokaci ɗaya, amma kunne ba ɗaya ba.

Muna kukan cewa ba a yin tsarin da ya dace da makiyayi da ɗan tireda. To wa zai yi shi in babu namu a wurin, wanda ya san bambancin bokolo da rahaji, ya san abin da kaka da bazara ke yi wa farashi? Namu kuma ba zai isa wurin ba sai ya ci jarrabawa.

Me ƙara ke yi wa ƙwaƙwalwa?

Makiyayi ya san amsar nan tun kafin likita. In ana tatsar saniya wani ya zo ya buga ƙara ta firgita, me take yi? Sai ta riƙe nono. Nonon na nan, bai tafi ko'ina ba, amma ba zai sauko ba. Haka ƙwaƙwalwar ɗalibi take. Karatun na ciki, amma a hana shi natsuwa, ba zai sauko kan takarda ba.

Ga wani misalin. Kana tsaye bakin garke kana ƙirga shanu suna shiga, ka kai arba'in da bakwai, sai wani ya tsaya kusa da kai yana waya yana cewa, "A'a, sittin da biyar na ce maka, sittin da biyar!" Ina ƙirgarka? Sai ka koma farko. Ɗan canji ma ya san wannan, shi ya sa in yana ƙirga kuɗi ba ya amsa sallama sai ya kai ƙarshen bandir.

Dalilin shi ne, wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe abu na ɗan lokaci ƙarami ne, kamar tafin hannu. In kana lissafi, kana riƙe da lamba uku ko huɗu a ciki kana juya su. Masana sun gwada tun shekarun 1970, sun ga cewa maganar mutum ta fi komai kutsawa wurin nan, ko da kuwa da harshen da ba ka ji ake yin ta. Ƙarar da ke tafiya bai ɗaya, kamar ta fanka ko ruwan sama, kunne kan saba da ita. Wadda ke hawa da sauka, kamar hira da waƙa da hon, ita ce mai kwashe abin da ke tafin hannun. Mai amsa tambayar tarihi zai iya komawa ya kama zaren. Mai lissafi mai hawa goma, in abu ya zube masa a hawa na bakwai, sai ya koma na ɗaya, agogo kuwa ba ya jira.

Ana auna ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Raɗa kusan 30 ce. Hira ta yau da kullum kusan 60. Babur kusa da kai yakan kai 90 ko fiye. Kada lambobin su ruɗe ku: ƙarin 10 a wannan ma'auni na nufin ƙarfin ƙarar ya ninka sau goma, kunne kuma yana jin ta kamar ta ninka biyu. Hukumar lafiya ta duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 1999, ta ce bai kamata ƙarar cikin aji ta wuce 35 ba lokacin darasi, ɗakin barci kuma 30 da dare. Ku auna wannan da layin da kuka sani.

Akwai wani bincike da ya yi suna. A 1975 wata malama mai suna Arline Bronzaft ta duba wata makarantar firamare a birnin New York na Amurka, wadda jirgin ƙasa ke wucewa ta gefenta kusan kowane minti huɗu da rabi. Gini ɗaya, unguwa ɗaya, irin yara ɗaya. Amma yaran aji shida da ke ɓangaren jirgin sun kasance baya da kusan shekara guda a iya karatu, idan aka kwatanta da na ɗaya ɓangaren. Sai hukuma ta sa roba a ƙarƙashin dogon, aka gyara rufin azuzuwan. Da aka sake gwadawa bayan 'yan shekaru, bambancin ya ɓace. Yaran ba daƙiƙai ba ne, jirgi ne ke cin karatunsu. A Jamus ma, da aka rufe tsohon filin jirgin saman Munich a 1992 aka buɗe sabo, an bi yaran wuraren biyu: na kusa da tsohon suka inganta wajen karatu da tuna abu, na kusa da sabon suka ja baya.

Sai barci. Abin da ɗalibi ya karanta da rana, cikin barci yake zama daram a ƙwaƙwalwa. Yaron da kiɗan biki ya hana shi runtsawa har ƙarfe biyu, gobe ƙarfe takwas yana zauren jarrabawa, an riga an ci shi rabi tun bai ɗauki biro ba.

Yadda wasu suka ɗauki abin

A Koriya ta Kudu akwai jarrabawar shiga jami'a da ake yi rana ɗaya cikin watan Nuwamba. Ranar, ofisoshi da kasuwar hannun jari suna makara wajen buɗewa don hanya ta yi sauƙi, 'yan sanda na ɗaukar ɗalibin da ya makara. Lokacin da ake gwajin sauraren Ingilishi kuwa, kusan rabin awa, ana hana jiragen sama tashi da sauka a ƙasar baki ɗaya. A 2023 aka kaɗa ƙararrawar tashi da daƙiƙa 90 kafin lokaci a wata makaranta a birnin Seoul, ɗalibai suka kai gwamnati kotu. Minti ɗaya da rabi, jama'a! A Sin ma, lokacin babbar jarrabawarsu ta watan Yuni, ana hana hon da aikin gini kusa da wuraren rubutawa.

Mu kuwa a yankinmu, kun ji abin da ya faru a Najeriya ranar 28 ga Mayun 2025, da takardar Ingilishi ta WAEC ta makara, yara a wurare da dama suka rubuta cikin dare da tocila da fitilar waya. Wannan ya nuna cewa wurin rubutawa da yanayinsa wani ɓangare ne na jarrabawar kanta.

Doka kuma akwai ta. A Kamaru, dokar muhalli ta 5 ga Agustan 1996 ta hana ƙarar da ke cutar da lafiya ko takura wa maƙwabta, kuma a watan Agustan 2011 firaminista ya sa hannu kan wata doka musamman kan ƙara da wari. A Najeriya hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idojin ƙara a 2009. Amma ni da ku mun san ba ɗan sanda ne zai gyara layinmu ba. Haƙƙin maƙwabtaka da malamai ke karanta mana kullum ya riga waɗannan dokoki zuwa.

To me za a yi?

Na farko, kai uban yaro da ke daji ko kan iyaka. In ka kira waya, kada ka tsaya kan "Yaya karatu?" domin amsar kullum "Lafiya lau, Baba" ce. Tambaye shi: a ina kake karatu? Ku nawa ne a ɗakin? Ƙarfe nawa kake samun barci? Wace rana za ku fara? Ka rubuta ranar, ko ka sa a rubuta maka. In kana da niyyar sauko da dabbobi a wannan makon, ka nemi wani masaukin, ko ka gaya wa yaranka su bar ɗakin ɗalibin. Kuma kada ka mai da shi ɗan aike a makon jarrabawa: "Je ka tasha ka karɓo saƙo, je ka Mokolo ka tambayo farashi." Saƙon zai iya jira kwana biyar.

Na biyu, kai mai masauki, Kawu, ko ke Gwaggo. Allah ya saka da alheri, riƙon ɗan wani ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ake roƙo kaɗan ne: a rage talabijin bayan isha'i na mako biyu, a ɗauke wa yarinya wanke-wanke da talla a kwanakin. 'Ya'ya mata su suka fi shan wahala a nan, domin namiji zai iya ficewa ya nemi wuri, ita kuwa tana cikin gida tsakanin tukunya da kukan ƙanne.

Na uku, mai janareta. A fili, duk lokacin da ka ninka tazarar da ke tsakaninka da inji, ƙarar na raguwa da kusan desibel 6. In ka ɗauke shi daga mita 2 zuwa mita 8 daga tagar ɗalibi, ka rage kusan 12, wato kunne zai ji ta ragu da fiye da rabi. Ka ɗora shi kan tsohuwar taya ko katako, ka juya salansa ta kalli wani gefen. Amma don Allah kada neman rage ƙara ya sa ka shigar da shi ɗaki ko zaure a rufe. Hayaƙinsa na kashe mutane cikin barci, gubar da ke cikinsa kuwa ba ta wari balle a farga.

Na huɗu, masu biki da masu lasifika. Ba wanda ya ce a fasa aure. Amma in za a sa rana, a tambaya ko makon jarrabawa ne. In ba yadda za a yi, a tashi kiɗa da wuri. Mai shago, juya lasifikarka ta kalli cikin shagonka, mai saye zai ji. Direba da ɗan bensikin, in ka ga yara sun yi layi da katin shaida bakin makaranta, ka ɗauke hannu daga hon har ka wuce.

Na biyar, limamai da masu unguwa da sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan kasuwa. Maganarku ta fi ta rediyo nauyi. Sanarwa ɗaya bayan sallar Juma'a, cewa daga ranar kaza zuwa kaza yaranmu na jarrabawa, a taimaka a sassauta, za ta yi aikin da takardar hukuma ba za ta yi ba. Azuzuwan Islamiyya da ke zama a rufe wasu awoyi, me zai hana a buɗe wa masu jarrabawa, a sa dattijo ɗaya ya riƙa lura? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na shida, kai ɗalibi, ƙanena, ke ɗaliba, ƙanwata. Unguwa ba za ta yi shiru gaba ɗaya saboda ku ba, sai ku yi dabara. Lokacin da ya fi kowane natsuwa shi ne kafin asuba da ɗan bayanta, to ku ajiye lissafi mai wuya a wannan lokacin, ku bar bita mai sauƙi zuwa rana. Akwai abin toshe kunne na soso da ake samu a wasu kantunan magani. Ku gwada shi tun a gida, kuma ku tambaya tun da wuri ko an yarda a shiga da shi zaure. Kada ku yaudari kanku da cewa waƙa a kunne na taimaka wa lissafi, mun riga mun faɗi abin da magana ke yi wa ƙwaƙwalwa. Wayar ma a kashe ta, domin ita ce hayaniyar da ke cikin aljihu. Sannan ku riƙa gwada kanku da agogo, awa uku cur ba tashi, wani lokaci a wuri mai ɗan motsi, don kada tarin wani ko jan kujera ya firgita ku ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya: ku je ku ga cibiyar kafin ranar, ku san hanya, ku san ko tana bakin titi.

In kuma kana cikin zaure ƙara ta taso, ko masu tsaro na hira a bakin ƙofa, ko wayar wani na ƙara, kada ka zauna kana cin rai. Ɗaga hannu cikin ladabi ka faɗa. In abin ya ci gaba, ka roƙi a rubuta shi cikin rahoton zauren, ka riƙe lokacin da ya fara da lokacin da ya ƙare. In kun fito, ku sanar da shugaban makarantarku a ranar, a rubuce, ku da yawa. Kukan da aka kai bayan sakamako ya fito, ba shaida, da wuya a saurare shi. In lissafi ya zube maka saboda ƙara, ajiye biro, ja numfashi sau uku, ka riƙa rubuta kowane mataki a takarda maimakon riƙe shi a ka. Abin da ke kan takarda hon ba ya goge shi.

Masu tsaron jarrabawa, malamanmu, ku ma muna roƙo. Awa ukun da kuke ganin ta yi muku tsawo, ita ce shekarar wani gaba ɗaya. Hirar ta jira a tashi.

Jama'a, shiru na mako biyu ba ya cin ko dala ɗaya, amma yana iya zama sanadin da ɗan makiyayi zai zauna kujerar da ake yanke abin da motarka da garkenka za su biya. Wanda yake da ɗa ko 'ya mai rubutawa bana, ya kira shi yau, kada ya bari sai gobe. Wanda kuma yake da yadda suka yi a unguwarsu ko garinsu har aka samu sauƙi, ya aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba don wasu su ɗauka.

Allah ya ba yaranmu sa'a, ya buɗa musu ƙwaƙwalwa, ya sa albarka a dukiyar da aka kashe musu. Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare garke, ya kawo kasuwa. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya. Wassalamu alaikum.